Ƙuri'un Injiniya Sun Koma Shafin Dogo

Sha biyu saura aka kira Sufeto cewa an tsinci gawa a wani ɗakin gyaran kwamfuta, a saman kantin sayar da fenti.

Mamacin, wanda kowa ke kira Injiniya, yana kwance rigingine kusa da durowar ƙarfe, ƙeyarsa a fashe. Kwamfutarsa a kunne. Kofunan shayi biyu ne a kan tebur, ɗaya ko kurɓa ba a yi ba.

"Oga ya ce a rubuta zamewa ya yi, a ba iyali gawarsu kafin la'asar," in ji Saje.

Sufeto ya tsani wannan hali na Oga, shugaban ofishinsu, na rufe fayil tun tawada ba ta bushe ba. Ya dubi daɓen ɗakin, ko ɗigon ruwa babu. Ya san in la'asar ta yi bai samo komai ba, za a binne mutumin nan har da gaskiyarsa.

Matar mamacin na zaune kan benci a baranda. Makauniya ce, ta rungume sandarta.

"Baiwar Allah, sai haƙuri. Maigidanki yana da abokin gaba?"

"Ba ruwansa da kowa, Yallaɓai. Saboda ni ya rubuta manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta. Shekara shida yana renonta. Ya sa ta a rumbu, kowa na ɗauka kyauta."

"Wane irin rumbu kuma?"

"Na intanet ne. Kowa ya ajiye ƙunshin manhajarsa, masu amfani su jefa wa wanda suke so ƙuri'a. Wanda ya kai dubu sai a ɗaga shi zuwa babban rumbu, da sunan mai shi. Nasa ya wuce ɗari tara." Ta gyara riƙon sandarta. "Da safe ya ce mini Dogo zai zo. Ban ji daɗin muryarsa ba."

Dogo abokin karatun mamacin ne, shagonsa na layin baya. Sufeto ya same shi yana sharɓar kuka, irin kukan da mai shi ke leƙen ko ana kallonsa.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Kwana uku, Yallaɓai. Yau ban samu zuwa ba."

"Mene ne tsakaninku?"

"Zumunci kawai. Ina da nawa ƙunshin mai irin aikin nasa, sabo, ƙuri'a arba'in. Muka ga rarrabuwa ba amfani. Shi da kansa ya aika buƙata yau a haɗa nasa cikin nawa."

"Mai ɗari tara ya bi mai arba'in?"

"Nawa ya fi sauri. Allah ya jiƙansa, ba shi da girman kai."

A ransa Sufeto ya ce, biri ya yi kama da mutum. Amma zato ba ya shiga fayil, ga azahar har ta gota.

Mai amincewa da buƙatun rumbun wata malamar lissafi ce, 'yar sa kai, suna kiranta Mai Makulli. A ɗakin malamai ya same ta, alli har gwiwar hannu.

"Ni na amince, sha ɗaya da minti goma," ta ce. "Daga asusunsa buƙatar ta fito. Ina na san ya rasu?"

"Malama, fahimtar da ni kamar ɗalibinki na kujerar baya. Mece ce haɗawa?"

"Buƙata biyu ce, Yallaɓai. In an goge ƙunshi, shafinsa ya tafi ke nan da komai nasa, ƙuri'u da sharhi. In an haɗa, sunan ne kawai ke mutuwa. Ƙuri'u su koma sabon shafi, sharhin mutane ya bi su."

"Duk sharhin?"

"Duka. Har wanda aka share. Sharewa ɓoyewa ce kawai, mu masu makulli muna gani."

"Buɗe mini shafin Dogo."

Ta buɗe. Ƙuri'a ɗari tara da hamsin da biyu. Ta gangara ƙasa, sai ta dafe baki. Ga wani rubutu mai dishi-dishi da aka share. Injiniya ne ya yi shi ƙarfe goma da rabi: "Ban yarda a haɗa ƙunshina da na kowa ba. Ga Dogo nan zaune gabana, na gaya masa ido da ido." An share shi sha ɗaya saura kwata, minti uku kafin a aika buƙatar haɗawa.

A ofis, gaban matar mamacin da Mai Makulli, Sufeto ya ajiye takardar da aka buga sharhin a gaban Dogo.

"Ka ce kwana uku rabonka da shi. Karanta."

Dogo ya karanta. Kukan ya ɗauke cak.

"Ban yi niyya ba, wallahi. A gabana ya rubuta, yana murmushi. Na ture shi, ƙeyarsa ta bugi durowa. Da na ga ba ya numfashi, na zauna a kujerarsa na share."

"Kai ɗan gida ne, ka san sharewa ba ta kashe rubutu. Da gogewa ka nema, da ba ni da abin kama ka. Me ya hana ka?"

Dogo ya dubi tafin hannunsa.

"Na ɗora yatsa a kan gogewa, Yallaɓai. Sai na ga adadin. Ɗari tara da sha biyu! Shekara biyu ina roƙon arba'in. Hannuna ya ƙi."

Sufeto ya ga masu kisa kan fili da kan mace, amma bai taɓa jin ƙyamar wani kamar yadda ya ji ta wannan ba. Ya yi wa Saje alama, aka sa ankwa.

Matar ta miƙe da sandarta, ta juya inda take jin numfashin Mai Makulli.

"Yaya, tunda gaskiya ta fito, a mayar masa da ƙuri'unsa da sunansa."

Mai Makulli ta sunkuyar da kai. "Ƙanwata, haɗawa ba ta warwaruwa. Shafin za a iya ba wani ya riƙe. Ƙuri'un suna nan, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Amma sunan ƙunshin na Dogo ne."

"To duk sanda na kunna kwamfuta, sunan wa za ta karanta mini?"

Saje ya ja Dogo suka wuce ta gabanta, ta matsa gefe don kada rigarsa ta taɓa ta. Sufeto ya ɗauki biro ya soke kalmar "zamewa" daga fayil, ya sa hannu a ba ta gawar mijinta.