Furen Bangon Zaure

"Nu'uman!... Me ka yi?!"

Kwanon furar da ke hannun Haulatu ya suɓuce ya kife a ƙofar zaure, ko kallonsa ba ta yi ba.

Nu'uman yana saman tsani, wuƙar kankare fenti a hannunsa, girarsa duk ta yi shuɗi da gari. Ya waiwayo yana murmushi.

"Tsaya ki gani, hasken idona. Saura kaɗan in fito da aikin kakanki."

"Sauko..." Ta kama ƙafar tsanin. "Don girman Allah ka sauko."

A gindin bango ɓarɓashin fenti ne zube, shuɗi da kore, kamar an kakkaɓe bishiya. Furen da ta buɗe ido ta gani a saman ƙofar gidansu, ta ɓangaren dama, babu shi. Ganye ɗaya ne ya rage a lungu.

Duk unguwar Kusugu an san zauren Malam Mainasara magini, mahaifin Haulatu, saboda hannu uku ne a jikinsa. Kewayen ƙofa aikin kakansa Mati ne, zanen laka mai tudu, dagi da takobi, wanda aka murza da yatsa tun ba a san siminti a Daura ba. Sama da shi aikin mahaifinsa Ɗantsoho ne, da ya yanka ɗanyen siminti da bakin wuƙa ya fitar da keke da agogo da jirgin sama, abubuwan da suka burge mutanen zamaninsa. Sai furen fenti, wanda Malam Mainasara ya yi da kansa yana matashi.

Bangon nan ne ya kawo Nu'uman. Bara ya zo da littafinsa, malamin zane a wata sakandare, bai daɗe da gama karatu a Zariya ba. Kwana uku yana tsayawa a ƙofar gida yana kallo, har Haulatu ta gaji ta leƙo.

"Malam, lafiya? In gidan kake son saye, ba na sayarwa ba ne."

"Bangon nake kallo."

"To ka gaishe shi mana, tunda kun saba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Tun daga ranar in ya zo zance, rabin hirar ta bango ce. Yakan ce laka ita ce zane na asali, siminti ya rage mata daraja, fenti kuwa zamani ne ya shigo ya lalata komai. Ita dai sai ta tallafe kunci tana saurare, don muryarsa takan ɗauke ta ta kai ta wata Daura ta dā, mai jan soraye da ƙanshin makuba, inda take ganin kanta tana tafe ba takalmi shi kuma yana biye. Ba ta taɓa musa masa ba. Ba ta kuma taɓa gaya masa labarin furen ba, saboda a gidansu ba a yin maganarsa.

Yau da safe Baba ya tafi ta'aziyya garin Babban Mutum, ya bar wa Nu'uman aikin toshe tsagar bango kafin damina. Tsaga kawai.

"Wa ya ce ka taɓa furen?" ta tambaya.

"Yayanki Anwar ne ya biyo ɗazu. Ya ce Baba ya sha faɗa cewa fentin nan yarinta ce, yana jin kunyarsa, ya so a ce aikin mahaifinsa da ke ƙarƙashi ya fito. Na kuma ga layi a simintin da idona, Haulatu! Na ce bari in faranta masa kafin Juma'a..."

Juma'ar nan ce magabatansa za su zo neman aurenta.

"To duba," ta ce. "Duba abin da ka fito da shi."

Ya juya ya duba. Layi huɗu ne kawai aka ja a simintin, kamar bakin taga. Cikinsu babu keke, babu agogo, babu komai.

"Fili ne," ta ce, hawaye na zubo mata. "A gidanmu kowane magini in ya gama nasa, sai ya ja layi ya bar wa na bayansa fili. Mati ya bar wa Ɗantsoho. Ɗantsoho ya bar wa Baba wannan. Shekarar da ya auri mahaifiyata ya cika shi... Furen nan ita ce, Nu'uman. Tun da ta rasu kullum da safe sai ya ɗaga kai ya kalle shi kafin ya fita."

Wuƙar ta faɗo daga hannunsa.

Da la'asar Baba ya sauka daga mota ya ƙaraso da sandarsa. Ya ɗaga kai kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka, Haulatu na laɓe a zaure tana leƙensa.

"Wa ya sa ka?"

Nu'uman ya durƙusa. "Ni ne, Baba. Babu wanda ya riƙe mini hannu."

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya tsinci ɓarɓashi ɗaya shuɗi ya jefa a aljihu.

"Ka gaya wa magabatanka kada su wahalar da kansu ranar Juma'a."

Ya shige gida.

Washegari da hantsi sai ga Anwar, ɗan ƙanwar Baba, mai shagon tayil a hanyar Kongolam. Shekara biyu yana bin Haulatu tana kaucewa, mahaifiyarsa kuma kullum tana yi wa Baba mita cewa mai zane-zane ba mijin aure ba ne. Ya jera tayil kala uku a tsakar gida.

"Kawu, ai abin ya zo da sauƙi. A lulluɓe bangon gaba ɗaya, kwana biyu an gama. Ruwa ba ya cinsa, ba fenti, ba tsaga. Kyauta ce daga gare ni."

Baba ya ce zai duba.

A zaure Haulatu ta tare shi.

"Yaya Anwar, ba ka ji tsoron Allah ba?"

"Ni? Magana kawai na yi, ƙanwata. Hannuna bai taɓa bango ba. Mai digiri ne ya hau tsani."

"Ka san abin da furen nan yake a wurin Baba!"

"Na sani. Shi da yake son zama surukin gida, me ya hana shi sani?"

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki, kuma rabin laifin nata ne. Da ta kai wa Baba ƙarar Anwar, abin da ya ce ke nan: "Anwar ya yi ƙarya, Uwata, zan kuwa gamu da shi. Amma mutumin da zai goge abin da bai tambayi labarinsa ba, yaya zan ba shi ke?"

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Nu'uman bai daina zuwa ba. Kullum da sassafe kafin ya wuce makaranta, sai ya zauna a dakalin da ke fuskantar gidan ya zuba wa bango ido. Ba ya sallama, ba ya aike. Rana ta uku ya kira ta a waya.

"Na duba littafina, masoyiyata. Na zana dagin Mati sau tara, na zana keken Ɗantsoho sau biyar. Furen... ko sau ɗaya. Hotunan da ke wayata ma duk na yanke gefen. Shekara guda ina tsaye a gabansa ban gan shi ba."

"Ni ma shekara guda ina jin ka ban gaya maka ba."

"In Baba bai yafe ba, ba zan ga laifinsa ba. Amma ni ban san inda zan kai zuciyata ba."

"Ka bar ta inda take," ta ce a hankali, ta kashe wayar kafin ya ji kukanta.

Juma'a ta zo ta wuce, babu wanda ya zo.

Ranar Asabar tana zaune a inuwar darbejiya tana haɗa lalle, don sana'arta ke nan, yi wa amare ƙunshi. Hankalinta ya yi nisa. Ta ga kanta tana 'yar shekara bakwai, tsaye a kan turmi a ƙofar gida, tana bin furen da yatsa a iska. Ganye biyar, na tsakiya ya ɗan karkata hagu, jijiya ta lanƙwaso ta ƙare da ɗigo uku. Sai da ta dawo hayyacinta ta ga ta zana shi a bayan hannunta na hagu. Ashe duk amaren da ta yi wa ƙunshi a garin nan, furen nan suka kai gidan miji, ita ba ta taɓa lura ba.

Da ya kama ta wanke, ta ɗauki abincin Baba ta kai masa. Tana ajiye kwano ya riƙe mata wuyan hannu.

"Uwata... ina kika samo wannan?"

"A bango, Baba."

Ya jawo hannun kusa da idonsa da ya fara rauni. Ya bi ganyen da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ɗigo ukun.

"Ba nawa ba ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara huɗu filin nan yana jirana, na rasa abin da zan sa. Laka ta tsufa, keke ya zama na kowa. Ranar da aka kawo mahaifiyarki Hadiyya tana amarya, ta miƙo mini ruwa, na ga wannan a hannunta. Kafin lallen ya goge na sayo fenti na hau tsani. Tana tsaye a ƙasa ta ɗaga hannu ina kwafa, tana ce mini in yi sauri hannunta ya gaji."

Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bakin rawani.

"Yaron nan yana waje?"

"Yana dakali, Baba. Yau babu makaranta, tun safe yake nan."

"Kira shi."

Nu'uman ya durƙusa a ƙofar zaure, kansa a ƙasa.

"Kwana shida kana kallon bangona. Me ka gani?"

"Na ga babu wanda ya goge na wani, Baba. Mati ya yi da abin da ya samu, laka da yatsa. Ɗantsoho ya ga keke ya burge shi, ya sa shi kusa da dagin mahaifinsa, bai ji kunya ba. Ni a makaranta na koyi jera su, wannan ya fi wannan. A bangon kuwa zaune suke tare. Naka ne ban san me ka gani ba, don ban tsaya na duba ba."

"Hannu na gani," in ji Baba. "Ka iya haɗa fenti, ko shi ma raina shi ka yi?"

"Na iya, Baba."

"To shuɗi da kore. Ka kuma riƙe mini tsani da kyau, in na faɗo babu aure."

Haulatu ta toshe baki da mayafi.

Washegari da hantsi Baba ya hau, mataki ɗaya-ɗaya. Nu'uman ya rungume tsanin kamar ransa ne a kai. Ita kuma ta tsaya a ƙasa ta ɗaga hannunta na hagu, rana na dukan furen. Hannun tsohon yana rawa, layin ya fito da kauri, ganye na biyu ya fi na farko girma. Maƙwabta suka taru. Anwar ya zo kwasar tayil ɗinsa, Baba ya ce masa daga sama, "Ka kai su banɗaki, can suka dace. Ka dawo da yamma, akwai magana tsakaninmu." Ya ɗora su a babur ya tafi ba sallama.

"Baba, ka yi sauri," in ji Haulatu, "hannuna ya gaji."

Buroshin ya tsaya cak. Baba bai waiwayo ba, sai kafaɗarsa da ta motsa. Can ya ci gaba, ya ɗiga ɗigo uku.

Da ya sauko ya ja baya ya duba.

"Bai zama wancan ba," Nu'uman ya ce cikin sanyin murya.

"Ba zai zama ba. Wancan ango ne ya yi shi, wannan tsoho. Ka bar shi haka."

Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna ɓangaren hagu na ƙofar, inda farar ƙasa ta rufe wani wuri shekara da shekaru. In an lura da kyau, akwai layi huɗu a ƙarƙashi.

"Na ja shi ne don ɗa namiji, Allah bai ba ni ba. Ya ba ni wadda ta riƙe zanen a hannunta. Naku ne, ku biyu. Ka ce wa magabatanka Juma'a mai zuwa ina gida."

Bayan biki da sati biyu, ango da amarya suka zo da tsaninsu. Nu'uman ya hau ya tsaya gaban filin, ya daɗe bai taɓa ba.

"Amaryata, me za mu sa? Laka, siminti ko fenti?"

"Au, yanzu tambaya kake yi kafin ka taɓa bango?"

"Na yi hankali."

Ta yi murmushi ta miƙa masa wuƙar, lallen aurenta bai gama gogewa ba.

"Namu zai zo, ko da shekara huɗu ne. Fara matsawa gefe ka ja layi huɗu tukuna... ka bar wa na bayanmu wuri mai faɗi."