Kafar Da Injiniya Ya Toshe

Ranar Talata ce, rana ta yi ja a bayan rumfunan katako na Dei-Dei, ƙarar manyan motoci ta fara lafawa. Abdulmajeed, wanda ko matarsa Rekiya ba ya amsa mata sai ta ce Injiniya, yana zaune a kujerar roba a tsakar gida yana kallon sabon get ɗinsa. Kwana uku da kafa shi, kwana uku yana wannan zaman. Kuma ba laifinsa ba ne. Mutanen unguwa suna wucewa ba ko mai tsayawa ya ce sannu da aiki, to dole mutum ya yaba wa kansa.

Aikinsa ke nan a wani kamfani a Idu: ya zana a kwamfuta, inji ya yanka ƙarfe daidai da zanen. A get ɗin nan kuwa ya zuba duk abin da Allah ya hore masa. Babban zane mai kusurwa huɗu, cikinsa wani, cikin wannan wani, kowanne da firam na ado mai ganye da reshe. Can ƙasa ta hagu, inda manya ke sa hannu, wani ɗan firam ɗauke da sunansa.

A daidai wurin ne tsohuwar ƙofar take da kafa. Ɗangoggo, tsohon maginin da ya gina gidan tun unguwar tana gonaki, ya tako har gida ya ce masa, “Injiniya, kafar nan ba ta ruwa ba ce. Hanya ce. Ka bar musu.” Da farko ma ya bar ta a zanen. Sai manhajar kwamfutar ta ja masa jan layi, wai zanen bai rufu ba, inji ba zai yanka ba. Danna linzamin kwamfuta sau uku ya isa ya mayar da gurbin tsaga mai kyau, amma fa dole sunan ya matsa. Saboda maganar tsohon da ko kunna kwamfuta bai iya ba? Ya ja layin ya rufe.

Yana cikin kallon ne dutse ya daki get ɗin. Daga waje.

Ya miƙe da niyyar cin mutuncin wani, ya leƙa. Layin fayau, ba ko akuya. Yana juyowa ya ji wani sauti daga ciki, a gindin get ɗin, ƙasa-ƙasa, kamar kukan jaririn da ya gaji da kuka. Aka kira magariba. Komai ya ɗauke.

Washegari da yamma haka. Jibi ma haka, sai dai duwatsun sun ƙara girma, fentin da ya zaɓa da kansa ya fara ɓarewa. Rekiya ta ce a kira Ɗangoggo. Injiniya ya ce zafin rana ne ke sa ƙarfe ƙara, an koya musu a makaranta.

Ran Juma'a 'yarsu Kauthar ta dawo daga jami'a dab da faɗuwar rana. Ta shigo ba sallama. Ta wuce murhun gawayi ta ɗauki guda, ta zauna a tsakiyar siminti, ta zana kusurwa huɗu ta kewaye kanta, layuka miƙaƙƙu kamar da rula. Ta haɗa bakin layin. Sannan ta ɗago ta dubi ubanta da idon da ba nata ba.

Rekiya ta kai hannu za ta ɗaga ta. Hannun ya tsaya a saman layin kamar ya ci karo da bango. Ta zagaya, ta gwada ta kowane ɓangare, ta tura kofin ruwa, kofin ya kife a bakin gawayin.

Kwana biyu yarinyar tana ciki. Ba ci, ba sha, rana ta dake ta, leɓɓanta suka tsage. Uwar tana durƙushe taku ɗaya daga gare ta, tana kiran sunanta har muryar ta dushe.

Ɗangoggo ne ya tafi Sheda ya ɗauko Malam Nazeer, wani siririn malami da ƙasar gona a ƙafarsa. Bai ko dubi adon get ɗin ba, abin da Injiniya bai manta da shi ba har yau. Ya yi alwala, ya zauna a bakin layin, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta yi tsawo. Tsuntsayen da ke kan waya suka tashi gaba ɗaya.

Bakin Kauthar ya buɗe, muryar wata dattijuwa ta fito.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba.”

“Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ita ba komai. Wancan mai tumbin za ka tambaya.” Injiniya ya ɗan ja cikinsa. “Tun kafin a yi wannan birnin muke bin hanyar nan zuwa rafi. Ba ma bin ƙofar bil'adama. Ranar da ya kafa ƙarfensa, 'yata tana ciki tana wasa, ni ina waje. Kwana uku na yi haƙuri. Kwana uku na ƙwanƙwasa. Da na gaji na hau 'yarsa na shigo.”

“To ki ɗauki taki ku fita yadda kika shigo.”

“Mu biyu a jiki ɗaya? So kake ta mutu? Ni ma na ja nawa layin. Su ɗanɗana ganin ɗa a gabansu, hannunsu bai kai ba.”

“Zalunci ne ki kama wadda ba ta ja layi ba,” in ji Malam. “Faɗi abin da zai fitar da ke.”

“Hannunsa na dama.”

“Ba za ki samu ba.”

“To idon da ya ga jan layi ya ƙi ji.”

Malam ya ci gaba da karatu, da ƙarfi wannan karon. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta yi ƙara.

“Tsaya! A buɗe mini hanyata. Inda take, ba wani wuri ba. Kuma shi zai zana da hannunsa, ina kallo.”

Injiniya ya yi gyaran murya. “Ranki ya daɗe, da za a matsa dama kaɗan, santimita goma kawai, ai sunan…”

Rekiya ta juyo. Rabon da ta kira sunansa tsirara tun kafin aure.

“Abdulmajeed. Ɗauko kwamfutar nan, ko in yanke get ɗin da haƙorana.”

Ya ɗauko. Ya durƙusa a simintin gidansa, mutumin da ake kira oga a Idu, ya buɗe zanen. Ya tambayi awo.

“Kamu ɗaya da yatsu huɗu.”

“Kamun wa? Manhaja milimita ta sani.”

Hannun Kauthar ya buɗe a bakin layin, Injiniya ya auna kamun daga nesa da tef ɗinsa. Ya zana tsagar a kan sunan, ya juya mata allon.

“Kusurwa? Ka taɓa ganin mace mai goyo ta ratsa kusurwa? Zanen goyona zai yage. Lanƙwasa bakin, sama da ƙasa.”

Ya lanƙwasa.

“Ka yi mata ado irin wanda ka yi wa kanka.”

Ya kewaye ta da ganye da reshe. Ta daɗe tana dubawa.

“Ba laifi,” ta ce. “Ɗangoggo ya fi ka hannu.”

Wannan maganar ta fi duwatsun ciwo.

Da sassafe aka cire ɓangaren get ɗin aka kai Idu. Da la'asar aka dawo da shi aka mayar. Suka zauna jiran magariba. Da rana ta taɓa rufin rumfuna, wata 'yar ƙura ta tashi a gindin get ɗin, ta juya sau biyu, ta bi ta tsagar. A waje wani abu ya yi dariya, siririya, ta ƙaramar yarinya.

Kauthar ta sa babban yatsa ta goge layin gawayin, kamu ɗaya da yatsu huɗu.

“Na tafi,” in ji muryar. “Wanda ya sake rufewa, ba 'yarsa zan kewaye ba. Shi zan kewaye, kuma gawayina ba ya gogewa.”

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale. Rekiya ta shige ta gurbin ta rungume ta.

“Momi,” ta ce da muryarta, a dushe, “ruwa.”

Yanzu duk wanda ya wuce layin sai ya tsaya ya yaba get ɗin, kuma abin takaicin, tsagar suke yabawa. Injiniya kan gyara hula ya ce sabon salo ne da ya ƙirƙiro don iska ta riƙa shiga. Ɗangoggo, in yana kusa, sai ya tofar da goro ya dubi sama.

Guntun ƙarfen da inji ya fitar kuwa, mai ɗauke da sunan, Injiniya ya kawo shi gida a aljihu da niyyar rataye shi a falo. Rekiya ta karɓa ta juya shi, ta ce ya yi kyau. A kansa take sauke tukunya.