Romon Ƙafar Sa a Kwanon Japan

"Ba cin abinci ya kawo ni ba. Na zo ganin wadda ta juya wa ɗana kai ne."

Hajja I'timad, mahaifiyar Hazim, ta faɗi haka tana ƙanƙame da jakarta, kamar 'yan katun ɗin Japan masu dara-daran idanu da ke zane a bangon shagona na taliya da romo irin na Japan za su sauko su fizge.

Ni kuwa ina tsaye da kunnuwan mage na soso a kan mayafina... Tsabar ruɗewa na manta ban cire ba!

Kaf Iskandariya an sani, wanda ya ci gishirinka da gurasarka ba ya sake juya maka baya. Shi ya sa ta ƙi ci. In ta tashi ba ta sa komai a baki ba, maganar aurenmu ta mutu.

"Mama, ko loma ɗaya..." in ji Hazim.

"Rufe min baki!"

Shahinda, 'yar ƙanwarta wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Hazim, ta yatsina fuska, ta dubi innar tata.

"Khalti, ai na faɗa miki. Irin romon nan da ƙashin alade ake yi."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na shige kicin, na zubo taliya da romo, na tsamo ƙashin daga tukunya na ɗora a faranti, na dire duka a gabanta.

"Ga shi, Hajja. Ki duba da kanki."

Ta juya ƙashin da cokali. Tururi ya bugi hancinta, ta ɗan lumshe ido.

"Ke! Wannan ai ƙafar sa ce!"

"Tun asuba take kan wuta. Haka kakata ta koya min."

"Kakar taki ba ta koya miki toya tafarnuwa ba? Daga ƙamshin na ji da saura."

"Akwai, Hajja."

"Babu!"

"Akwai..."

Ta figi cokali don ta ƙaryata ni, ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Shahinda ta dafe ƙirji.

"Khalti, kin sha fa!"

Cokalin ya tsaya a iska.

"Nirmin, hasken idona, kar ki faɗi ƙasa," Hazim ya raɗa.

Hajja ta dube ni daga ƙasa har zuwa kunnuwan magen, ta ture sandunan cin taliyar gefe.

"Tafarnuwar ta yi kaɗan. Ki zo gida ranar Juma'a in gyara miki hannu, ba zan bari ɗana ya rame ba."

Na dafa kujera, ga dariya ga hawaye.

"Kuka kuma na mene ne, 'yata? Gishiri kaɗai na ci. Wane irin shago ne wannan da ba gurasa?"

Hazim ya riga ya kai bakin ƙofa, da gudu, ya nufi gidan gurasa.