Takunkumi Mai Matsewa

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wani manomi mai kare. Kullum karen na kan juji yana tone-tone, maƙwabta suna ta ƙorafi. Ran nan manomi ya fusata, ya ja shi har rumfar baduku.

Ya ce, "Takunkumi nake so."

Baduku ya ɗauko wani mai yalwa, ya ce, "Da wannan zai iya haki, ya sha ruwa."

"A'a, wanda ya fi matsewa."

Ya ɗauko wani.

"A'a, wanda ya fi matsewa."

Baduku ya durƙusa zai auna bakin karen, sai ya ga haƙarƙarinsa duk a waje.

"Malam, yaushe rabon dabbar nan da abinci?"

"Kare ai shi ke nema wa kansa."

Baduku ya miƙe, ransa a ɓace. "Ka hana shi a gida, yanzu in taya ka hana shi a juji? Wallahi ba da allurata ba!"

Ya juye wa karen sauran tuwonsa. Mutane suka taru, su dubi karen, su dubi manomi.

Manomi ya koma gida kai a sunkuye, ya ce wa matarsa, "Daga yau ki riƙa ƙara gari a tukunya."