Alhamis Ta Baƙi

Ranar da Dawuda ya shiga biron rijiyoyi na Tanut, ofishin kula da ruwa, a shekarar 1988, ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka kira shi ya duba, amma Hulda mai buga takardu ya fi kallo.

Na'urar ce ke raba wa garkuna ranakun shan ruwa a famfon Belbeji. Wanda ya tsara aikinta ya koma ƙasarsu bai bar bayani ba, sai Dawuda ya riƙa bin umarnin da ke cikinta layi-layi, don ya gane abin da aka so ta yi. Hulda na karanto masa, shi kuwa rabin hankalinsa na kan muryarta.

"Tauraruwata, dubi layin nan. Kullum sai ya bar Alhamis babu garke. Kuskure ne."

"Ka tabbata, Malam Dawuda? Mu tambayi Baba mana, shi ke tsaron famfon."

Ina saurayi mai son burgewa ya ga lokacin tambaya? Ya goge layin, ya cika Alhamis da shanun gari.

Ashe ranar ta matafiya ce. Buzaye suka gangaro daga arewa da raƙuma masu ƙishi, suka tarar an tare wurin. Malam Yunana, mahaifin Hulda, ya sallame su kansa a ƙasa.

"Wanda ya sa na kori baƙo daga ruwa ba zai zama surukina ba," in ji shi.

Kunya ta rufe Dawuda, ko gaisuwa ya kasa yi wa Hulda. Tanko direba kuwa, wanda shi ma ke neman ta, ya samu fili, kullum sai ya kawo mata ƙullin dabino. Har Hulda ta zaci Dawuda ya daina son ta, sai ta tare shi.

"Guduna kake yi?"

"Da wane ido zan dube ki, Hulda?"

"Da wanda ka goge layin da shi. Maida shi, masoyina."

Ya maida, ya rubuta dalilinsa a samansa don na baya. Alhamis na zagayowa ya tafi Belbeji, ya durƙusa gaban tsohon ya nemi gafara, ya wuni yana shayar da raƙuman mutane cikin rana.

Da la'asar Malam Yunana ya miƙa masa ƙwarya. "Sha, yau ranar baƙi ce. Daga gobe kai ɗan gida ne."

Bayan girbin gero aka ɗaura aurensu a majami'ar Damagaram, tsohon da kansa ya sa musu albarka. Allah ya bar su tare.