Sunan da Aka Kankare

Da almuru ne, Odessa na ɓare wake a baranda, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani dutsen ya biyo. Shuɗɗan kwalaben da ta rataye a bishiya don kama iskoki suka fashe ɗaya bayan ɗaya, ba hannun da ya taɓa su. A ɗaki kuwa, Verna, 'yarta tilo, ta soma rera wata waƙar reno da ba wanda ya koya mata.

Odessa ta gane ta. Waƙar yayarta Hettie ce, wadda aka tura a mota zuwa gidan mahaukata shekara talatin da suka wuce, ta mutu can. Duk ƙauyen nan na Jojiya, a Amurka, ba mai zancenta. Odessa da kanta, tana 'yar shekara goma, ta kankare sunan daga shafin Littafi Mai Tsarki inda ake rubuta zuriya. Ubansu ne ya miƙa mata rezar.

Kwana bakwai ana haka. Mijinta Clovis ya ce, "Jinin gidanku ne. Ran Litinin motar gidan mahaukata za ta zo ta ɗauki Verna."

Ran Asabar, da ya tafi gona, Odessa ta kira tsohuwa Zelma mai maganin saiwoyi. Zelma ta zuba gishiri a bakin ƙofa, ta dubi yarinyar.

"Ke wace ce?"

Verna ta yi murmushin da ba nata ba. "Tambayi ƙanwata Dessa. Dessa, ina rezar?"

"Yaya, ki yafe mini," in ji Odessa, tana kuka.

Muryar ta ce, "Yarinyar nake so. Ita kaɗai ke jin muryata."

"Ba ki samunta," Zelma ta ce. "Nemi wani abu dabam."

Muryar ta sake fitowa daga bakin Verna.

"A mayar mini da sunana. Kuma a ba ni kunne ɗaya da zai riƙa ji na a gidan nan."

Zelma ta girgiza kai, amma Odessa ta riga ta ɗauko alƙalami. "Ga nawa, Yaya."

Tana gama rubuta sunan a Littafin, Verna ta zube, ta farka tana neman ruwa.

Ran Litinin mota ta koma ba kowa. Da almuru Clovis ya miƙe ƙafa a baranda, ya ce, "Kin ji gida tsit?"

"Tsit," in ji Odessa. Ta ci gaba da ɓare wake, ta danne leɓe da haƙori don kada bakinta ya bi waƙar da ita kaɗai ke ji yanzu.