Jinin Gidan Abduljalil

Ranar da Manal ta fara ganin Muath, ta riga ta gaji da unguwar Waziriyya, Waziriyya ma ta gaji da ita. Tun safe take bin gidajen Hausawan unguwar tana tambayar cututtukan gado don digirinta na biyu, ana rufe mata ƙofa cikin ladabi. Shi kuwa yana kan tsani a ƙofar gidansu, yana fama da na'urar sanyaya ɗaki, sana'arsa ke nan.

"Ke ce mai ƙirga mana matattu?" ya tambaya yana murmushi.

"Ni ce mai son rayayyu su daɗe. Akwai ruwa?"

Ya kawo mata. Ta sha, bakinta ya buɗe.

"Akwai wasu manoma a Amurka, Amish. Keken doki suke hawa, kuma junansu suke aure kamar mu. Da can likitoci kan ɗebi jininsu, su rubuta cututtukansu su tafi. Yanzu bincike ya sauya, ana zama da su, ana mayar musu da amsa. Irin wannan nake so mana."

"Ni ba ni da doki, sai tsani. Za a ɗauke ni?"

Aka ɗauke shi. Kafin wata ya ƙare saƙonninsa sun zame mata abin jira: "Daktora, ya galbi, zuciyata, yau na gyara sanyin gidaje da yawa, amma tawa zuciyar ta ƙi hucewa. Halas, magana ta ƙare, zan turo manya."

Manyan ne ba su zo ba. Mahaifinsa, Malam Abduljalil, ya ce atafau ba za a kawo masa suruka mai leƙen jinin mutane ba. Mu fa idan za a yi aure har kakan kaka muke tonowa, mu kira shi binciken asali, amma yarinya ta yi tambaya ɗaya ta zama mai tonon silili.

Ana cikin haka Saif, ɗan kawun Manal da ya daɗe yana nemanta, ya tare Muath ya ce masa ai karatunta take yi da shi. Saƙon Muath ya shigo mata: "Gaya mini gaskiya, Manal. Sona kike yi, ko gidanmu kike nazari?"

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta rubuta: "Na gaji da ƙwanƙwasa ƙofofi, habibi. Taka ce kaɗai na zaci a buɗe take." Ta kife wayar.

Makonni suka shuɗe shiru. Ta rame, karatun ya fita ranta.

Wata la'asar aka buga ƙofar gidansu Manal a unguwar Safa. Mastura ce, mahaifiyar Muath, ta sha hanya a motar haya tana haki.

"'Yata, ba biko na zo ba, tambaya na kawo. Kafin Muath na binne yara biyu, sikila. Dangin mijina suka ce jinina ne ba kyau. Tun daga nan, in an je suna, ana miƙa jariri hannu hannu, in an zo kaina a tsallake. Ke da kika karanta, gaya mini: ni na kashe su?"

Manal ta riƙe hannunta. "Khala, inna, ba wanda ya kashe su. Kuma ciwon nan ba ya zuwa daga mutum ɗaya. Sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi."

Mastura ta ɗago ta dube ta.

"Uba," ta maimaita a hankali. "Ashe shi ya sa likita ya kira shi ciki shi kaɗai. Ya fito ya ce mini ƙaddara ce." Ta gyara mayafinta. "Ba ke yake ƙi ba, 'yata. Abin da kika sani yake tsoro. Yalla, na tafi."

Abin da aka faɗa a gidan Abduljalil ran nan, Manal ba ta taɓa ji ba. Ta dai ga saƙon Muath: "Ki yafe mini, ya galbi. Ƙofar a buɗe take, ni ne na tsaya a bakinta kamar wawa."

Suka je gwajin jinin kafin aure. Muath na ɗauke da rabin ciwon, ita ba ta da shi, don haka 'ya'yansu ba za su yi sikila ba. A harabar asibitin ta zauna ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Aka ɗaura aure. Washegari dangi suka cika falon gidan, ana ta miƙa jaririyar wata 'yar uwa hannu hannu. Da aka zo kan Mastura, mai miƙawa ta yi gaba kamar kullum.

Malam Abduljalil ya miƙe da ƙyar, ya karɓi jaririyar.

"Jinin nan har da nawa," ya ce. "Na sani tuntuni, na bar ta da kayan ita kaɗai."

Ya ɗora yarinyar a cinyar matarsa. Hannuwan Mastura ba su manta yadda ake tallafe kan jariri ba.

Ta ɗago ta dubi Manal da Muath. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu lafiya. In sun zo, ni zan fara ɗauka."

"Amin, Ummi," in ji Manal.